Ledar da Ke Rina Haske

Bayan sallar isha'i aka shigo da amarya, 'yar yayata, cikin wani zauren biki a Kano. Fitilun zauren irin masu ruwan zumar nan ne, waɗanda ke sa labule da kujeru su yi kamar an shafe su da man shanu. Masu hoto biyu ne a wurin. Ɗaya saurayi ne da dangin ango suka zo da shi, riƙe da kyamara sabuwa fil. Ɗayan kuwa dattijo ne mai furfura a gemu, wanda gidanmu suka saba kira tun bikin iyayen amaryar.

Kafin dattijon ya ɗauki hoto ko ɗaya, sai na ga ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar mai duban wata. Ya dubi fitilun, ya dubi bango, ya miƙa tafin hannunsa cikin hasken ya juya shi. Sannan ya zaro wata 'yar jaka daga aljihun gaba, ya zaɓo wani ɗan yankin leda ruwan goro wanda bai fi yatsu biyu faɗi ba, ya ɗora a fuskar filashinsa, ya ɗaure da kyauro. Duka-duka bai yi minti ɗaya ba. Daga nan ya shige cikin jama'a.

Da hotuna suka iso bayan mako biyu, muka baje su a tabarma. Na saurayin sun fita tsaf, kuma yaron yana da ido, ya san lokacin da ake danna kyamara. Amma fuskokin da ke ciki sun yi fari fat, da wani shuɗi-shuɗi a goshi da kumatu, bayansu kuma zauren ya rine ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, kai ka ce yanko mutanen aka yi daga wani wuri aka manna. A na dattijon, amarya tana cikin ɗakin da muka gani da idonmu. Hasken da ke kan mayafinta shi ne a kan labule, lallenta ya fito da jansa, sarƙarta ta zinariya ba ta koma azurfa ba. Yayata ba ta san komai a harkar kyamara ba, amma ta ware nasa gefe guda ta ce, "Waɗannan su ne bikin."

Na je shagonsa don in ji sirrin. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ledar nan da ka ɗaura ran nan, mece ce?"

Ya yi murmushi ya ce, "Jel ake ce mata, ɗana. Filashi baƙo ne a ɗakin mutane. Ai ka san in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka."

Abin da ya ɗaure mini kai da farko shi ne jin cewa farin haske ma kala-kala ne. Idon ɗan Adam yana da yafiya ƙwarai. Ka sa farar shadda ka fita rana, fara ce. Ka shiga ɗaki mai aci-balbal, har yanzu fara kake ganinta, alhali hasken da ke dawowa daga jikinta ja-ja ne. Ƙwaƙwalwa ce ke gyara lissafin ba tare da ta sanar da kai ba, domin ta riga ta san shaddar fara ce. Kyamara ba ta da wannan sanin. Fari ɗaya tak take iya riƙewa a kowane hoto. In aka ce mata hasken rana ne fari, duk abin da ƙwan lantarki ya haska zai fito rawaya. In aka ce mata na ƙwan ne fari, duk abin da rana ta taɓa zai koma shuɗi.

Wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya ga ma'aunin wannan abu da idonsa. Ƙarfe in ya shiga wuta yakan fara da ja mai duhu. A ci gaba da zuga, ya koma ruwan goro, ya koma rawaya, har ya yi fari. Da a ce zai jure zafi fiye da haka bai narke ba, da ya karkata zuwa shuɗi. Da wannan ake auna launin haske, a ma'aunin Kelvin, wanda aka sa wa sunan masanin kimiyyar nan na jami'ar Gilasgo. Kyandir yana wajen 1,900. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana tsakanin 2,700 da 3,200. Rana tsaka wajen 5,500 take, inuwa kuma da ranar da hadari ya rufe sama sukan haura 6,500. Masu hoto suna kiran ja da rawaya haske mai ɗumi, shuɗi kuma mai sanyi, duk da cewa a lissafin maƙera shuɗin ne ya fi zafi. Sabon shiga yakan ɗan jima kafin ya saba da wannan juyin.

Filashi kuwa ɗan bututu ne cike da iskar zinon, wadda wutar lantarki ke ratsawa ta yi walƙiya. Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka shi ya yi fice wajen mayar da irin wannan walƙiya kayan aikin hoto tun farkon shekarun 1930, har daga baya ya tsayar da harsashi yana ratsa tuffa a hoto. Launin walƙiyar nan kusan na rana tsaka ne. Saboda haka duk wanda ya danna filashi tsirara a zauren da fitilunsa ke 3,000, ya shigo da azahar cikin dare ke nan, ya watsa ta a fuskar mutum ɗaya, ya bar sauran ɗakin a lokacinsa. Abin da ya sami hotunan saurayin ke nan.

A zamanin hoto marar launi babu wannan ciwon kai. Malick Sidibé ya yi ta bin wuraren rawar samarin Bamako da filashinsa a shekarun 1960, hotunansa suka zagaya duniya har aka ba shi babbar lambar yabo a Benis a 2007, kuma launin fitilar wurin bai taɓa zame masa matsala ba, tunda baƙi da fari ne kawai za su fito. Da fim mai launi ya zo, sai aka riƙa sayar da shi iri biyu, na rana da na ƙwan lantarki, ko kuma a ɗaura gilashi mai launi a gaban idon kyamara. Amma gilashin da ke gaban ido komai yake rinawa, da mutum da bango, don haka ba ya sasanta haske biyu da suka saɓa. Dabarar jel ita ce a bar idon kyamara, a je a rina haske ɗaya kaɗai, wanda kai ka zo da shi, har ya yi kama da na masu gida. In sun zama ɗaya, sai a faɗa wa kyamara wannan ne fari, komai ya zauna daidai.

Sunan ma yana da labari. Daga gidajen wasan kwaikwayo na Turai da Amurka abin ya fito, inda ake rina hasken dandamali da wasu siraran faifai na jelatin, wato sinadarin nan da ke sa romon ƙafar sa ya daskare in ya kwana. Ana busar da shi a rina, a sa a gaban fitila. Ba ya jure zafi, ba ya son ruwa, sai aka koma leda mai ƙarfi, amma sunan ya zauna. Kamfanin Rosco, wanda aka kafa a Niyok a 1910, yana cikin tsofaffin masu wannan sana'a, kuma a 1974 ya sami lambar yabo ta fasaha daga masu ba da kyautar Oscar saboda jerin ledojin da ya ƙera wa masu fim, mai suna Cinegel. A Ingila akwai Lee Filters. Kamfanonin nan sukan buga ɗan littafin samfuri mai ɗauke da yankin kowane launi, don masu fitilun fim su zaɓa. Sai masu hoto suka lura cewa yankin samfurin kusan daidai yake da fuskar ƙaramin filashi. Da David Hobby, mai ɗaukar hoto na jaridar Baltimore Sun, ya fara koyar da aiki da ƙananan filashi a intanet a 2006, aka yi ta rububin littattafan nan har Rosco ya fitar da ƙunshi na musamman da aka yanka daidai filashi. Irin wannan littafi ne, wanda ya tsufa ya yi laushi, Baba ya ciro mini daga aljihun tebur.

Ledar da ya ɗaura ran bikin ana kiranta CTO, mai ja da hasken rana zuwa na ƙwan lantarki. Tana da cikakkiya, da rabi, da kwata. A wajen Lee lambobinsu 204 da 205 da 206, a wajen Rosco 3407 da 3408 da 3409. Kishiyarta CTB ce, shuɗiya, mai yin akasin haka. Akwai kuma koriya, don dogon ƙwan nan na ofisoshi da asibitoci, wanda ido ke gani fari amma kyamara ke gani da tsanwa-tsanwa, sai ka ga mutum mai lafiya ya fito kamar mai jinya. Nan ma hanyar ɗaya ce, ko da ta yi kama da ganganci: ka ƙara wa filashinka kore da hannunka, ya zama duk ɗakin kore ne, sannan kyamara ta cire koren gaba ɗaya a lokaci guda.

Na tambaye shi yadda yake sanin rabi zai sa ko cikakkiya. Ya ce ido ne, da shekaru. Amma a ƙarƙashin idon akwai lissafi mai daɗi, wanda na samu daga baya na kuma ji na ƙara girmama shi. Tazarar Kelvin ba ta tafiya daidai da abin da ido ke gani. Daga 3,000 zuwa 3,500 canji ne babba, daga 9,000 zuwa 9,500 kuwa da ƙyar a lura. Don haka masu ƙera leda suna amfani da wani ma'auni da ake kira mairad: a raba miliyan ɗaya da adadin Kelvin. Filashi mai 5,500 ya zama 182, ƙwai mai 3,200 ya zama 313, tazara 131 ke nan. In ƙwan 2,700 ne, ya zama 370, tazarar ta kai 188. Kowace leda tana da adadin mairad da take matsar da haske, kuma in ka haɗa biyu, tara lambobinsu kawai za ka yi. Kwata biyu kusan rabi ne. Baba bai taɓa faɗin kalmar mairad ba, amma na ga ya ɗora kwata a kan rabi, ya ɗaga su sama ya duba, ya ce, "Wannan ya isa zauren da fitilunsa ba su tsufa ba."

Maganar tsufan fitila ba wasa yake ba. Ƙwai mai zare yakan ƙara ja idan ya tsufa, haka ma idan wuta ta yi ƙasa, don haka zauren da ya auna da wutar gari zai iya sauya launi da zarar an koma kan janareto mai rauni. Yanzu kuma ƙwan LED ya cika ko'ina, wani 2,700, wani 6,500, masu arha a cikinsu wani ya karkata kore wani ruwan hoda, kuma sau da yawa mai zaure yakan maye wanda ya mutu da duk wanda ya samu a kasuwa. Rufi ɗaya, fari iri uku. A irin wannan wuri babu ledar da za ta dace da kowa. Abin da yake yi shi ne ya kashe filashi, ya ɗauki hoton farar takarda ko farar rigar wani, ya duba bayan kyamara ya ga wane launi ya rinjaya a inda amarya za ta zauna, ya bi wannan. Sauran ya bar su su yi ado a nesa.

Kuma ba ya son dacewa ɗari bisa ɗari. Wannan shi ne wurin da na ga bambancin gwani da mai bin littafi. Idan lissafi ya ce cikakkiya, sau da yawa yakan tsaya a rabi da kwata, ya bar fitilun baya su fi fuskar amarya ɗumi kaɗan, domin haka zuciya ke tuna zauren biki. A waje kuma, ko da rana tsaka, ba kasafai yake barin filashi tsirara ba. Kwata tana nan a kai. Dalilinsa fatarmu ce. Baƙar fata da wankan tarwaɗa suna da sheƙi, suna mayar da launin hasken da ya faɗo musu kamar ruwan randa, sai farar walƙiya ta bar musu wani toka-toka a goshi da karan hanci, irin na wanda hunturu ya busar. 'Yar ledar nan tana mayar da jini a fuska. Tarihin hoto bai yi wa fatar nan adalci da wuri ba: katin da Kodak ke raba wa masu wanke hoto don daidaita launi tun shekarun 1950 Baturiya ce a jiki, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka yi mai ɗauke da mata masu launi daban-daban. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mai hoto a garinmu yana ƙure ƙarfin filashi don amarya ta yi fari, har kamanninta su gudu. Yarinyar da uwarta ta haifa da kyawunta, a ranar da ta fi kowace rana a wurinta, ta cancanci a nuna wa jikokinta fuskarta ta gaskiya.

Samari sukan ce ai kwamfuta tana gyara komai. Tana gyarawa, in hasken hoton iri ɗaya ne. Ka ja ma'auni gefe guda, shi ke nan. In iri biyu ne, kana gyara fuska bango na lalacewa, kana gyara bango fuska na komawa shuɗiya, sai dai ka zauna ka zagaye kowane mutum da hannu, hoto bayan hoto, ga ɗaruruwa suna jira. A inuwar haɓa da lungun ido kuwa, inda hasken biyu suka cakuɗe, babu zagayen da zai raba su.

Leda ba ta ƙirƙirar launi, tarewa take yi. Mai ruwan goro tana riƙe shuɗin da ke cikin walƙiya ta saki saura, don haka dole haske ya ragu. Cikakkiyar CTO takan ci abin da ya kusa rabin ƙarfin filashi, cikakkiyar shuɗiya ta ci fiye da haka nesa, masu duhu irin ja jawur da shuɗi mai kama da baba su fi kowa ci. Batir zai yi saurin ƙarewa, kuma abin da ledar ta tare zafi yake komawa. In ana danna filashi a jere, tsakiyarta kan koɗe ko ta yamutse, shi ya sa Baba yake barin 'yar tazara tsakaninta da gilashin filashi, yana kuma jefar da duk wadda ta fara fari a tsaka. Ledar alewa da ta kasuwa ya hana yaransa taɓawa: ba a san launin da za ta bayar ba, kuma tana iya narkewa ta manne. Filashin zamani da dama sukan zo da nasu murfin mai launi, wasu da maganaɗisu ake manna su, wasu na Nikon ma kyamara da kanta take gane wanda aka sa. Shi dai kyauronsa ya riƙe.

Akwai ɓangaren wasa da launi, wanda matasan situdiyo da masu hoton fastar fim suka fi so: a sa ja a filashi ɗaya, shuɗi a wani, a rina bango ko a zana gefen fuska. Nan ka'idar ta marina ce ta wata fuska. Yadda mai rini a Ƙofar Mata ya san yawan tsomawa ke kawo duhun baba, haka mai hoto ya san rage ƙarfin filashi ke kawo zurfin launi. In ka ƙure shi, jan ya koma ruwan hoda, shuɗin ya wanke. Bango mai ruwan toka ya fi fari kama launi, kuma tilas a tsare farin hasken da ke kan mutum kada ya zubo ya dishe shi. Ina jin daɗin kallon irin waɗannan hotuna idan an yi su da hankali, amma gaskiya ba su ne suka kai ni shagon Baba ba. Wanda ya rina bango ja kowa ya ga aikinsa. Ledar Baba kuwa in ta yi aiki, mai kallon hoto ba zai san an sa ta ba.

Muna cikin hira har rana ta faɗi. Da muka dawo daga masallaci ya ce wa yaron shagonsa, "Kai, ɗan nan, ɗauko filashin da sandarsa, ka tsaya can bakin titi." Sama a lokacin ta yi fari-fari, ba ja ba shuɗi, irin wadda ba mai ɗaga kai ya kalla. Ya ɗaura cikakkiyar CTO, ya kafa filashin gefe, ya saita kyamara a kan farin ƙwan lantarki. Ya bayyana mini cewa walƙiya ba ta kai ƙiftawar ido ba, don haka tsawon lokacin da kyamara ta buɗe ido bai shafe ta ba, sama da titi kawai yake shafa. Da shi ake ƙara musu haske ko a rage. Ya sa kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa, ya danna, ya duba, ya mayar 1 cikin 200 don saman ta ƙara duhu, ya sake dannawa.

Ya miƙo mini kyamarar. Yaron yana tsaye da launin fatarsa sak, farar hularsa fara, domin hasken da ya faɗo masa ya yi daidai da abin da aka ce wa kyamara fari ne. Bayansa kuwa, saman da babu ledar da ta taɓa ta, ta koma shuɗi mai zurfi kamar rawanin Buzu, fitilun masu shayi da na Keke Napep suna ɗigo-ɗigo a ƙasanta. Na ɗaga kai na dubi saman gaske, na sake duban kyamara.

Baba ya kwance kyauron, ya goge ledar da gefen rigarsa, ya mayar da ita cikin jaka tsakanin rabi da koriya, ya ce wa yaron ya shigo da sandar kafin masu babur su ture ta.